Wa aka gicciye dominmu? Muhawara kan hikima da rabuwar kai a ikilisiya

Ishaya: Salama gare ku iyayena da 'yan'uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, abin ya daɗe yana cina a rai. Wata takwas ke nan ikilisiyarmu ta dare gida biyu, alhali ƙofa ɗaya muke shiga. An yi wa fastonmu na da canjin wurin aiki, aka kawo sabo. Na da ɗin dattijo ne, ba ya ɗaga murya, wani lokaci har yakan manta inda ya tsaya a wa'azi. Sabon kuwa in ya hau mumbari sai ka ji kamar kada ya sauka. Ya jawo Helenanci, ya jawo Ibrananci, matasa na ta ɗaukarsa a waya. Yanzu akwai 'yan tsoho, akwai 'yan sabo. Har wurin zama ya rabu, su dama, mu hagu. Na ce "mu" don ni ma ina cikin 'yan sabo, ba zan ɓoye ba.

Jiya da dare na buɗe 1 Korintiyawa sura 1, sai na ga kamar hotonmu aka ɗauka. Amma abu ɗaya ya ɗaure mini kai. A aya 12 Bulus yana faɗa a kan masu cewa ni na Bulus ne, ni na Afolos, ni na Kefas (wato Manzo Bitrus). Kafin a kai aya 18 ya koma zancen gicciye da hikimar duniya. Sauya zance ya yi, ko duk magana ɗaya ce?

Dauda: Amsar a fili take. Ilimi ne ke raba ikilisiya. Da ba a kawo muku mai Helenanci ba da kuna zaune lafiya. Bulus ya ce Allah ya mai da hikimar duniya wauta, shi ke nan. Masunta Yesu ya kira, bai je makaranta ya ɗebo masu digiri ba.

Malama Rifkatu: Dauda, a hankali. Wanda ya rubuta ayar da ka jawo ɗin, a gaban Gamaliyel ya yi karatu, ka duba Ayyukan Manzanni 22:3. A Atina ma da ya tsaya gaban masana, baitin mawaƙansu ya jawo musu daga ka. Kai kanka da kake karanta Littafi Mai Tsarki da harshen da kake ji, wasu ne suka ƙarar da ƙuruciyarsu kan Helenanci da Ibrananci kafin ya iso hannunka. Shekara goma sha tara ina koyar da kimiyya, ban taɓa jin lissafi ya hana ni durƙusawa ba.

Dauda: To Malama, me ya sa da ya baro Atina ya ce ya ƙudura ba zai san komai ba sai Almasihu gicciyayye? Ai don ya gwada falsafa a can ne bai ci riba ba.

Fasto Bitrus: Wannan magana na sha jin ta, Dauda, har ni ma na taɓa yin wa'azi da ita ina saurayi. Daga baya na koma na karanta Ayyukan Manzanni 17 a natse, ban ga inda Luka ya ce an yi asara a Atina ba. Ya ma ambaci waɗanda suka ba da gaskiya da sunansu, Diyonisiyus da wata mace Damaris. Kuma abin da ya sa aka yi masa dariya a can tashin matattu ne da ya ambata. Mu bar wannan.

Ishaya ɗana, magana ɗaya ce, kuma sai ka san garin kafin ka ga haɗin. Romawa sun rushe Korinti a shekara ta 146 kafin haihuwar Almasihu. Ta zauna kusan kango shekara ɗari, sai Yuliyus Kaisar ya sake kafa ta a shekara ta 44 kafin Almasihu, aka zuba mata mutane, da yawansu 'yantattun bayi. Gari ne mai tashar jiragen ruwa biyu, ɗaya gabas ɗaya yamma, kuɗi na shiga ta ko'ina. Mutumin da kakansa bawa ne, yau ya yi arziki, ba shi da asalin da zai yi taƙama da shi, to da me zai nuna ya isa? Da wanda yake bi. A garuruwan Helenawa na lokacin akwai gwanayen magana da ke yawo gari gari, a taru a saurare su kamar yadda ake taruwa kallon wasa, kowane da almajiransa masu kushe na wancan. Wannan ɗabi'a Korintiyawa suka shigo da ita ikilisiya ba su tuɓe ta a bakin ƙofa ba. Afolos mutumin Iskandariya ne, birnin malamai, ga baki ga sanin Nassi. Bulus kuwa, su da bakinsu suka ce wasiƙunsa da nauyi amma in ya zo ba kwarjini, maganarsa ma ba ta cika kunne, yana nan a 2 Korintiyawa 10:10. Ga shi kuma yana ɗinkin tanti da hannunsa a gidan Akila, abin da mai ji da kansa ba ya yi.

Saboda haka hikimar da Bulus ke suka ita ce wannan ma'auni da suke auna mutane da shi: wa ya fi baki, wa ya fi kwarjini, wa bin sa zai ɗaga ni. Sai ya ce musu, to ku ɗauki ma'aunin nan naku ku auna wanda ya cece ku. A kan gungume ya mutu, tsirara, tsakanin 'yan fashi. Nawa ya ci a ma'auninku?

Mama Saratu: Fasto ka gama magana. Ishaya, ka ji ko?

Ishaya: Na ji Mama. Amma gaskiya mu da muka tashi muna ganin gicciye a wuyan mutane da saman majami'u, ba ma jin abin kunyar da ake faɗa.

Istifanus: Bari in ɗan taimaka a nan, ɓangaren da nake so ke nan. A wurin Romawa gicciye hukuncin bayi ne da 'yan tawaye. Ɗan ƙasar Roma, in ba a wani yanayi na daban ba, ba a yi masa shi. Bayan an murƙushe tawayen bayi na Spartakus a shekara ta 71 kafin Almasihu, mutum dubu 6 aka gicciye a jere a bakin hanyar da ta taso daga Kafuwa zuwa Roma, don duk mai wucewa ya gani. Cicero, babban lauyansu, ya ce ko sunan gicciye bai kamata ya kusanci tunanin ɗan Roma ko idonsa ko kunnensa ba. Wato kalma ce da ba a furtawa a gaban mutanen kirki.

Akwai wani zane da aka tono a Roma a 1857, wani ne ya karce shi a jikin bango wajen shekara ta 200. Mutum ne a kan gicciye da kan jaki, wani saurayi na tsaye a gefe ya ɗaga hannu, a ƙasa an rubuta da Helenanci cewa Alesamenos yana bauta wa allahnsa. Ba'a ce ake yi wa wani Kirista, wataƙila abokin zamansa ne ya zana. Yana cikin zane-zanen gicciyen Yesu mafi daɗewa da ake da su, kuma zagi ne.

Ga Bayahude kuma abin ya fi haka nauyi, don Maimaitawar Shari'a 21:23 ta ce wanda aka rataye a bisa itace la'ananne ne. Almasihu la'ananne? Kamar ka ce ruwa busasshe. Bulus bai kauce wa ayar ba, shi da kansa ya ɗauko ta a Galatiyawa 3:13.

Hannatu: Ni ina da tambaya, kada a ce na yi saɓo. In duk lokacin da aka kawo mana hujja za mu ce ai wautar Allah ta fi hikimar mutum, to wa zai iya gyara mu? Kowane maƙaryaci ma zai iya fakewa a nan. Na taɓa tambayar wani mai wa'azi inda ya samo wata koyarwa tasa, sai ya ce mini mutumin jiki ba ya gane al'amuran Ruhu. Na yi shiru, amma har yau abin na yi mini ciwo.

Malama Rifkatu: Ba saɓo kika yi ba ƙanwata, shi ne ya yi miki fashi da aya. Mutanen Biriya an yabe su ne don suna bin diddigin abin da Bulus kansa ya faɗa, kullum suna duba Nassi su ga ko haka ne. Wasiƙar nan ma da muke magana a kanta, sura 15 hujja ce a kan hujja, har da lissafin shaidun da suka ga Yesu bayan tashinsa, ya ce fiye da 500 ne kuma yawancinsu na da rai, wato ku je ku tambaye su. Wanda ya toshe miki baki da "ke ba ta Ruhu ba ce" yana yin abin Korintiyawa ne sak. Ya ɗora kansa a sama, ya ajiye ki a ƙasa. Shi da mai taƙama da digiri duk kanwar ja ce.

Dauda: Ni ake nufi ke nan.

Malama Rifkatu: Ban kira suna ba. Amma tun da ka amsa, ka lura a sura 1 aya 12 ƙungiya huɗu ce, ba uku ba. Ta huɗun su ne masu cewa "ni na Almasihu ne". Da ka ji sai ka ce ai su ne suka yi daidai, amma Bulus ya jera su tare da sauran. Ana iya yin taƙama da rashin malami kamar yadda ake yi da malami.

Dauda: Wannan kam ta same ni. Ban janye duka ba, amma na ji.

Baba Yakubu: 'Ya'yana, ni ba mai dogon karatu ba ne, jikata ce ma ke buga mini wannan. Abin da yake ba ni dariya kuma yake ba ni kunya a surar nan shi ne aya 14 zuwa 16. Bulus ya ce na gode Allah ban yi wa kowa baftisma ba sai Kirisbus da Gayus. Sai can ya tuna, af, da mutanen gidan Istifanas. Sai ya ce bayan su kuma ban sani ba ko akwai wani. Manzo guda bai riƙe lissafin waɗanda ya yi wa baftisma ba! Ni kuwa da nake dattijon ikilisiya shekara talatin, har yau ina iya lissafa muku waɗanda ni na kawo su, kuma in ɗayansu ya wuce bai gaishe ni ba sai in kwana da shi a rai. Laifi tudu ne. Ishaya, kafin ka ga laifin fastocin nan biyu, ka bincika, mai yiwuwa su ba sa faɗa da juna.

Ishaya: Baba kamar ka sani. An ce suna waya da juna kowane mako. Mu ne muke ta haƙilo.

Fasto Bitrus: Haka na Korinti ma. Ka duba 16:12. Bulus ya roƙi Afolos ƙwarai ya koma Korinti, Afolos ya ƙi zuwa a lokacin. Ka ga mai kishi ba zai tura kishiyarsa inda ake yabonta ba. Shi kuma Afolos, ga dukkan alamu, bai so ya je ya zama tutar wani ɓangare. Ni na shuka, Afolos ya yi banruwa, Allah ne ya sa ta girma, iyakar abin da ke tsakaninsu ke nan.

Hannatu: To sun ji maganar? Sun shirya?

Istifanus: Na ɗan lokaci wataƙila. Wajen shekara ta 96, kimanin shekara 40 bayan wasiƙar Bulus, ikilisiyar Roma ta aika wa Korinti wata doguwar wasiƙa, wadda ake dangantawa da Kilemen, ɗaya daga cikin shugabanninta. Dalili? Wasu sun tayar da rigima sun tsige dattawan ikilisiya. Har ya ce musu su ɗauko wasiƙar Bulus su sake karantawa, ya ƙara da cewa rabuwar farko ma da sauƙi, don aƙalla manzanni ake bi a lokacin.

Kuma tun da Mama Saratu kullum tana tsokanata da "ɗan Fafaroma", bari in faɗi namu da bakina. A ranar 16 ga Yuli 1054 wakilin Roma, Kadinal Humbat, ya shiga babbar majami'ar da ake kira Hagiya Sofiya a Kustantiniya ya ajiye takardar kora a kan bagade ya fita. Shugabannin ikilisiyar Gabas su ma suka mayar da martani. Akwai batun koyarwa a ciki, akwai batun ikon Fafaroma, amma har da irin gurasar da za a yi Jibin Ubangiji da ita, mai yisti ko marar yisti. Ba a janye korar nan ba sai 7 ga Disamba 1965, zamanin Fafaroma Bulus na 6 da Athenagoras, shugaban ikilisiyar Kustantiniya. Shekara 911. Kuma har yau ba mu koma cin Jibi tare ba.

Mama Saratu: Ɗan Fafaroma ya yi ikirari, a rubuta ranar! To mu ma 'yan Luther ba mu tsira ba, Fasto faɗa musu.

Fasto Bitrus: Mama ai namu ya fi ban takaici, don Luther ya san surar nan ciki da bai. A Heidelberg a 1518 ya bambanta mai tauhidin ɗaukaka da mai tauhidin gicciye, ya ce na farkon yana kiran mugu nagari, nagari kuma mugu, na biyun kuwa yana kiran abu da sunansa. A 1522 ya roƙi mutane su daina kiran kansu da sunansa, ya ce wane ne Luther, koyarwar ba tawa ba ce, ba a kuma gicciye ni domin kowa ba. Ga shi yau miliyoyin mutane na amsa sunan da ya roƙa a bari.

Sai 1529 a Marburg, aka zaunar da shi da Zwingli, jagoran gyara na ƙasar Switzerland, don a haɗa kan masu gyaran ikilisiya. Batu 15 aka tsara. Sun yarda a kan 14, har da mafi yawan na 15 ɗin. Abin da ya rage shi ne ko jikin Almasihu yana cikin gurasar da gaske. Luther ya ɗauki alli ya rubuta "Wannan jikina ne" a kan tebur, ya ce daga nan ba ya motsawa. Aka tashi ba a haɗu ba. Teburin da aka ba mu don ya tara mu, a kansa aka rabu.

Dauda: To yanzu ga tambaya. In haka ne sai mu haɗe da kowa ke nan? Duk wanda ya ɗaga gicciye ɗan'uwa ne, ko me yake koyarwa? Ni ban yarda ba. Akwai masu sayar da mai da ruwa da sunan Yesu, suna ce wa talaka rashin bangaskiyarsa ce ta hana shi arziki. Da su zan haɗa kai?

Malama Rifkatu: Yau dai na yarda da Dauda, a rubuta wannan ma.

Fasto Bitrus: Ni ma ban ce a share komai ba. Bulus ɗin da ya roƙi Korintiyawa su zama bakinsu ɗaya, shi ne ya tsaya wa Manzo Bitrus ido da ido a Antakiya a gaban jama'a. Amma ku duba a kan me. Bitrus yana cin abinci da 'yan'uwa na Al'ummai, da wasu suka zo daga Urushalima sai ya janye jikinsa. Bulus ya ga in aka bar wannan, an ce ke nan mutuwar Almasihu ba ta isa ta sa mutum biyu su zauna a tebur ɗaya ba, sai an ƙara da kaciya. Faɗan da ya yi, na hana rabuwa ne. Haka a taron Nikiya a 325, da wani malami Ariyus ya ce Ɗan, wato Almasihu, halitta ne, ba a ce a bar kowa da ra'ayinsa ba, don in wanda ya mutu a gicciyen ba Allah ba ne cikin jiki, maganar ceto ta zama wata aba dabam.

Masu sayar da mai da ka ambata, Dauda, ai su ne sura 1 aya 22 ta kwatanta, masu neman alamu. Suna son Almasihu mai ba da nasara kullum, ba sa son mai raunuka. Ni abin da nake tambayar kaina kafin in ja daga da wani shi ne: in na bar masa wannan batu, gicciyen ne zai ragu, ko ni ne zan ragu? Sau da yawa in na yi wa kaina gaskiya, ni ne.

Hannatu: Amma Fasto, kowa ai cewa zai yi nasa batun na gicciye ne. Luther ma da ya rubuta da alli bai ɗauka girman kai yake yi ba.

Fasto Bitrus: Gaskiyarki, kuma ba ni da amsar da za ta rufe wannan. Ban ma ce Luther girman kai ya yi ba, yana tsoron ya saki kalmar Ubangijinsa ne. Abin da na lura kawai, wani lokaci sai bayan ƙarnuka ake gane cewa rabin faɗan na kalmomi ne. Bayan taron Kalsidon a 451 ikilisiyoyin Masar da Habasha da Armeniya da wani ɓangare na Suriya suka rabu da sauran a kan yadda za a faɗi Allahntaka da mutuntakar Almasihu. A 1973 Fafaroma Bulus na 6 da Shenuda na 3 na Kibɗawa suka sa hannu a takarda ɗaya suna shaida Almasihu ɗaya, cikakken Allah, cikakken mutum. A 1999 a Augsburg Katolika da Lutheran suka sa hannu kan batun kuɓutarwa ta wurin bangaskiya, batun da ya raba su tun farko. Ba duka aka warware ba, wasu ma a ɓangarorin biyu ba su amince da takardar ba. Amma an zauna.

Istifanus: Wani abin kuma ba a teburin shawara ake gane shi ba. A Namugongo ta ƙasar Uganda, ranar 3 ga Yuni 1886, Sarki Mwanga ya sa aka ƙone samarin fadarsa da suka ƙi barin bangaskiyarsu. Akwai 'yan Katolika, akwai 'yan Angilika. Masu wa'azin da suka koyar da su, Faransawa da Ingilishi, ba sa ga maciji da juna. Amma wanda ya haɗa wutar bai tambayi kowa cocinsa ba, itace ɗaya aka tara musu.

A ɗaya gefen kuma ku je Urushalima, majami'ar da aka gina a inda ake ɗauka nan ne Gwalgota da kabarin. Ɗariku shida ke rabon ta, kowa da kusurwarsa da lokacinsa. Akwai wani tsani na katako a jingine ƙarƙashin taga, ya haura shekara 150 a wurin, don ba mai ikon taɓa komai sai duka sun yarda. Mabuɗin ƙofar kuwa a hannun wasu iyalai biyu Musulmi yake tun ƙarnuka, su ke buɗewa su ke rufewa. A daidai inda aka gicciye shi ke nan.

Mama Saratu: Kai Istifanus, wannan ta tsanin ta kashe mini jiki.

Ishaya: Tun da kowa ya faɗi nasa, bari in faɗi abin da ban faɗa ba da farko. Ina da aboki, rana ɗaya aka yi mana baftisma, shi ya riƙe mini tawul da na fito daga ruwa. Yana cikin 'yan tsoho. Watan jiya ranar Jibin Ubangiji shi aka ba tiren ƙoƙuna, kuma layinmu ya faɗo a rabonsa. Ina ganinsa yana matsowa benci benci, sai na sunkuyar da kai kamar ina addu'a. Ya tsaya a kaina. Ina kallon takalminsa, na san su, tare muka saya. Ya ɗan jima, ƙoƙunan suna ɗan kaɗawa a tiren, sannan ya wuce. Da aka zagayo da wani tiren ta baya sai na miƙa hannu na ɗauka. Na sha, na ce amin. Abin da ya haɗa mu kuwa bai wuce ya ce wa'azin sabon fasto duk ado ne ba nama, ni kuma na ce tsohon ai barci yake sa mutane.

Malama Rifkatu: Kai, Ishaya.

Dauda: Ɗan'uwa, ban da bakin magana, na yi irinta. Tawa ma ta fi muni, ni fita na yi.

Baba Yakubu: Ɗana, ka karanta sura 11 daga aya 17. A Korinti masu hali sukan riga zuwa su ci su ƙoshi, bayi da 'yan ƙwadago su iso a makare su tarar ba komai. Bulus ya ce musu abin da kuke ci ɗin nan ba Jibin Ubangiji ba ne. Bai ce gurasarsu ce ba daidai ba, ko addu'ar da suka yi. 'Yan'uwansu suka ƙi jira. Ban faɗa don in ƙara maka nauyi ba, ka riga ka ɗauko shi da kanka, shi ya sa ka kasa barci ka buɗe Littafin. Kuma kada ka ce sai ka daina son wa'azin sabon fasto. Ka so shi. A ƙarshen sura 3 an ce ko Bulus ko Afolos ko Kefas duka naku ne. Tsohon naka ne, sabon ma naka ne. Ku ne kuka juya abin, kuka mai da kanku nasu.

Hannatu: Baba, in ya je abokin ya ƙi kula shi fa? Ko 'yan ɓangarensa su ce ya ci amanarsu?

Baba Yakubu: Za su ce. Wasu ma za su ce wawa ne, ya ba da kai. Jikata ta ce batirin wayar ya kusa ƙarewa, sai da safenku.

Fasto Bitrus: Allah ya tashe mu lafiya Baba. Ishaya, shawara ɗaya, kada ka je masa da ayoyin nan. In ka shiga da "Bulus ya ce", ka sake mai da abin gasar wa ya fi sani. Ka faɗa masa abin da ka yi ranar tiren kawai, don ya sani, yana tsaye a kanka.

Istifanus: Ni kuma batun cin Jibi tsakanin ɗariku da na taɓo ɗazu bai mutu ba, ina da abin faɗa, kuma na san ni da Fasto ba za mu daidaita a kansa ba. A buɗe masa zaure dabam.

Mama Saratu: A buɗe, amma ba yau ba. Ishaya, yaushe ne Jibi na gaba a wurinku?

Ishaya: Lahadi mai zuwa, Mama.

Mama Saratu: Shi a ina yake zama?

Ishaya: Dama, benci na uku daga gaba, bakin hanya. Kullum a cike yake, ban san ko za su matsa mini ba.

Mama Saratu: Ka riga su zuwa.